Tambayi Malamin Kiɗa: Yatsana ya ƙi rawa, an ce in koma biyola

Assalamu alaikum, Malam. Wata takwas ke nan da na fara koyon bayolin, wato gogen Turawa, bayan na haura shekara talatin. Kiɗan gargajiyar Ailan da na Amurka ne ya ja ni, kuma yawancin koyon ta bidiyo nake yi. Yanzu ina fitar da waƙoƙi kamar goma, mutum ya ji ya gane su. Amma bibrato, wannan karkarwar da gwanaye ke sa wa sauti har ya riƙa ratsa jiki, ya gagare ni. In na gwada, bayolin ɗin ne gaba ɗaya yake girgiza, baka ya riƙa tsalle a kan tsirkiya, kafin minti biyar wuyana ya ƙage. Wani abokina da ya riga ni farawa ya ce tunda abin ya ƙi, in koma biyola, 'yar'uwar bayolin mai kaurin murya, wai can ne matattarar waɗanda bayolin ya kayar. Yaushe ya kamata mutum ya fara bibrato, kuma ta yaya? Sannan da gaske ne biyola ta ragwaye ce?

Daga wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar biyola ka ɗan jira ni, akwai wata baiwar Allah da ta rubuto a kanta, zan haɗa ku in amsa a ƙasa. Bari mu fara da hannunka na hagu.

Ka ce bayolin ke girgiza, wuyanka kuma yana ƙagewa. Ko ban gan ka ba na san yadda kake riƙonsa. Babban yatsanka da gindin manuninka sun damƙe wuyan bayolin ta ɓangare biyu, kafaɗarka ta ɗaga sama, muƙamuƙinka ya danne daga bisa. Hannun da yake aikin dako ba zai yi rawa ba. Duk motsin da ka yi, katakon ne zai ɗauka, shi ya sa kake ganin kayan yana kaɗawa alhali sautin yana nan a sandare.

Ka fara gane abin da ke faruwa a lokacin da gwani yake yi. Yatsan ba ya barin inda yake. Tsokar bakin yatsan ce take mirginawa gaba da baya a kan tsirkiya, sai tsawon ɓangaren da ke kaɗawa ya riƙa raguwa yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, muryar ta riƙa hawa da sauka. A hannun ƙwararru wannan kai-komo yakan faru sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa ɗaya, faɗinsa kuma bai kai rabin mataki ba. Motsin yana bin tsawon tsirkiya ne, wato daga wajen kan bayolin zuwa wajen fuskarka. Na faɗi haka ne saboda waɗanda suka taɓa kaɗa gita sukan zo da ɗabi'ar jan tsirkiya gefe da gefe, kuma a bayolin wannan ba ya haifar da komai sai ƙara mara daɗi. Gaɓar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce ta ƙarshe, wadda ke kusa da farce. Ita ce take lanƙwasa ta miƙe, ta lanƙwasa ta miƙe. In ta ƙage, ko da dukan jikinka kake girgiza, babu abin da zai kai ga tsirkiya.

Yaushe ake farawa? Malamai da yawa sukan bari sai shekara ta biyu ko ta uku, daidai lokacin da ɗalibi ya fara koyon matsar da hannu sama a kan wuyan bayolin zuwa wurin da ake kira mazauni na uku. Ni ba na ƙirga watanni, abin da hannu zai iya nake dubawa. Ka gwada kanka da wannan. Tsirkiyoyin bayolin huɗu ana kiransu G, D, A, E, kowace da sunan sautin da take bayarwa. Ɗora yatsa na uku, wato na kusa da ƙaramin yatsa, a kan tsirkiyar A, ka fitar da sautin D. In ka sauka daidai, tsirkiyar D da ke maƙwabtaka za ta amsa da kanta ba tare da ka taɓa ta ba, za ka ji sautin ya buɗe yana amo, wani lokaci ma ka ga tana kaɗawa da idonka. Haka yatsa na uku a kan D yake tayar da tsirkiyar G. In cikin gwaji goma kana samun wannan amon a yawancinsu, kunnenka da yatsanka sun fara jituwa. In ba ka samu ba, to bibrato zai zame maka mayafi. Na ga ɗalibai da yawa da suka koye shi da wuri, suka riƙa rufe muryar da ba ta zauna ba da karkarwa, har kunnensu ya daina bambance daidai da kusa-da-daidai. Gyaran wannan ya fi koyon bibraton kansa wahala.

Gwaji na biyu shi ne na riƙo. Kana tsakiyar jan dogon sauti, ɗaga babban yatsanka daga wuyan bayolin, ka ɗan bubbuga shi sau uku, ka mayar. In sautin ya katse ko bayolin ya nemi faɗuwa, ga matsalarka nan. Bayolin yana zama ne a kan ƙashin wuya, nauyin kai kuma ya ɗan tokare shi daga sama, nauyi kawai, ban ce dannawa ba. Sau da yawa laifin na kayan ne. Matokarin haɓa, wanda Louis Spohr ya ƙirƙiro wajen 1820, iri-iri ne, akwai gajere akwai dogo, akwai na gefe akwai na tsakiya, kuma wanda aka sayar maka da bayolin a manne da shi ba lallai ya dace da tsawon wuyanka ba. Mai dogon wuya da gajeren matokari dole ya ɗaga kafaɗa don ya cike giɓin. Matashin kafaɗa yana taimaka wa wasu, wasu kuma yana ƙara ƙage su. Wannan yana cikin abubuwan da bidiyo ba zai gane maka ba, domin bidiyo ba ya ganinka. Ko sau biyu ne ka sami malami ya dube ka, ko ta kiran bidiyo, zai rage maka watanni na lalube.

To, duk da haka ba zan ce ka naɗe hannu ka jira ba. Share fagen ana iya fara shi yau, kuma ba a buƙatar baka.

Ka sami kwalin ashana da 'yan tsinke a ciki. Riƙe shi a hannun hagu, ka ɗaga hannun yadda kake ɗaga shi in za ka yi kiɗa, tafin yana kallonka. Kaɗa shi zuwa fuskarka da komawa, daga wuyan hannu, a sake, har ka ji tsinkayen suna amsawa daidai-wa-daida. Wannan shi ne motsin, babu wani sirri bayansa. Daga nan ka ɗauki bayolin ka rungume shi a ƙirji irin riƙon gita, ka ɗora yatsan tsakiya a kan tsirkiya ba tare da dannawa ba, ka riƙa zamewa sama da ƙasa, babban yatsa yana bin hannun. Fara da nisa mai yawa, kana ragewa, kana ragewa, har yatsan ya tsaya wuri ɗaya amma hannun bai daina motsi ba. A daidai nan za ka ga gaɓar nan ta kusa da farce ta fara lanƙwasa da kanta. Kada ka yi gaggawar barin wannan mataki. Mako biyu ko uku a kansa ba asara ba ne.

Sai ka mayar da bayolin ƙarƙashin haɓa. Matsar da hannu sama har gindin tafinka ya taɓa jikin bayolin, wato kusan mazauni na uku ko na huɗu. Wannan tokarin yana hana hannu yawo, ya bar wuyan hannu kaɗai yana aiki. In har yanzu kayan yana girgiza, jingina kansa a bango, ka sa ɗan ƙyalle a tsakani kada ya kurje. Ka kuma lura da gindin manuni: dole ya ɗan rabu da wuyan bayolin, ko da kaurin takarda ne, ya zama babban yatsa da bakin yatsan da ke kan tsirkiya su kaɗai ke taɓawa. Kunna metronom, na'urar da ke buga lokaci daidai-wa-daida, a bugu 60 a minti. Kowane bugu ka yi motsi biyu, baya da gaba. In ya zauna ka koma uku, sannan huɗu, sannan shida. Yatsan tsakiya ne ya fi saurin karɓa, na uku ya biyo, manuni yana da taurin kai saboda yana kusa da inda ake matsewa, ƙaramin yatsa kuwa ka ba shi uzuri, shi ne na ƙarshe a wurin kowa.

Sai bayan wannan za ka ɗauko baka. Ranar farko abin da zai fito zai yi kama da jiniyar motar asibiti, kuma haka ake so ya fito. Wanda ya ji kunyar wannan jiniyar ya tsallake ta, ya koma girgiza hannu da sauri, abin da zai samu shi ne makyarkyata, wadda daga tsokar da ta ƙage take fitowa, ba a iya rage mata gudu ba a iya ƙara mata faɗi. Tsallen da ka ce baka yana yi kuwa, hannun dama ne yake kwaikwayon na hagu. Maganinsa dogon ja a hankali: ka fara sautin a miƙe, a tsakiyar baka ka shigo da karkarwa, kafin ƙarshe ka cire ta, kuma gudun bakan kada ya canza. Minti biyar da safe, biyar da yamma, sun fi awa guda a rana ɗaya. Da ka ji zafi a wuyan hannu ko kafaɗa, ajiye. In zafin ya kwana biyu bai tafi ba, ko yatsu suka fara mutuwa, likita za ka gani.

Za ka ji ana gardama ko daga hannu gaba ɗaya ake yi, ko daga wuyan hannu, ko daga yatsa. Duka ukun akwai su, kuma gwanaye gauraya su suke yi. Na fi fara wa ɗalibi da wuyan hannu, amma in na ga na gwiwar hannu ne yake zo masa da sauƙi, ba na jayayya da jikinsa. Akwai kuma tsohuwar koyarwar da ta ce karkarwa ta riƙa tashi daga muryar ta yi ƙasa, kada ta haura sama. Masu auna sauti da na'ura sun nuna cewa kunne tsakiyar kai-komon yake ɗauka a matsayin muryar. Duk da haka ina koyar da tsohuwar hanyar, saboda sabon hannu ya fi karkata ga turawa sama, kuma tunanin komawa baya yana sassauta yatsa.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duk waɗannan amfani a gare ka. Kiɗan da ka ce kana so bai dogara da bibrato ba. Ka saurari tsofaffin makaɗan Ailan a kiɗan rawa mai sauri: sautuka suna wucewa da gudun da babu inda yatsa zai tsaya ya yi karkarwa. Adonsu daban ne. Akwai ɗan bugun da yatsa ke yi a saman sauti ya tashi nan take, akwai naɗin sautuka biyar a wurin ɗaya, akwai tsattsaga sauti gida uku da baka. Tsofaffin makaɗan duwatsun Appalachia a Amurka kuwa sukan ja tsirkiya biyu lokaci guda, ɗaya tana waƙa ɗaya tana gunji, har sukan sauya ɗaurin tsirkiyoyin zuwa A, E, A, E domin amon ya ƙaru. Da yawansu a tafin hannu suke kwantar da wuyan bayolin, wasu ma a ƙirji suke tokare shi, riƙon da bibrato ba ya yiwuwa da shi, kuma ba wanda ya ce kiɗansu ya rasa rai. Ran yana hannun dama. Inda za ka buƙaci karkarwa shi ne waƙoƙin jimami masu jan rai na Sikotilan da Ailan, da kiɗan rawar wals, da dogayen sautukan bulugiras, wani salon kiɗan karkarar Amurka. Ko a nan ma a ƙarshen dogon sauti ake ɗan sa ta.

Hatta a kiɗan manyan zauruka na Turai, zuba bibrato a kan kowane sauti ba tsohon abu ba ne. A 1751 Francesco Geminiani ya ba da shawarar a yawaita shi, amma a 1756 Leopold Mozart, mahaifin Mozart ɗin da kowa ya sani, ya rubuta a littafinsa na koyar da bayolin yana kushe masu karkarwa a kowane sauti, ya ce sai ka ce masu ciwon rawar jiki. Joseph Joachim, babban gwanin ƙarni na 19, ya ɗauki faifai a 1903, kuma in ka saurara za ka ji yawancin sautukansa a miƙe suke, karkarwar sai jefi-jefi. Zamanin su Fritz Kreisler, a farkon ƙarni na 20, shi ne ya mayar da ita abin yi ba tsayawa, kunnuwanmu kuma suka saba. Saboda haka a lokacin da kake warewa kullum, kashi uku cikin huɗu ka ba wa baka da daidaita murya. Ɗan abin da ya rage ya ishi kwalin ashana.

*

Malam, barka da aiki. 'Yata tana da shekara goma sha biyu. A ƙungiyar kiɗa ta makarantarsu malamarsu ta ɗauke ta daga bayolin ta ba ta biyola, wai hannunta dogo ne kuma ba su da masu biyola. Tun daga nan ƙawayenta suke tsokanarta, har ta dawo gida da kuka ta ce an mayar da ita baya. Ni ban san bambancin kayan biyu ba, a idona duk ɗaya ne. In je in roƙi malamar ta mayar da ita?

Daga wata uwa

Barka kadai, Hajiya. Kada ki je tukuna. Ɗan'uwa mai wasiƙar farko, kai ma matso.

A ido kusan ɗaya ne, gaskiyarki. Biyola ta ɗan fi girma, muryarta ta fi kauri. Tsirkiyoyin bayolin su ne G, D, A, E. Biyola ba ta da E ɗin nan mai tsini, a madadinta tana da C a can ƙasa, wato C, G, D, A. A ƙungiya tana zama tsakanin bayolin da celo, babban ɗan'uwansu da ake kafawa a ƙasa. Tsokanar kuma ba ƙawayen 'yarki suka ƙirƙiro ta ba, ta girme su da ƙarnuka. Makaɗa a ƙasashe da yawa suna da tarin barkwanci a kan biyola. Wanda ya fi yawo shi ne: ta yaya za ka hana a sace maka bayolin? Ka sa shi a akwatin biyola. Masu biyolar da na sani sun fi kowa haddace irin waɗannan, su ne ma suke fara faɗa kafin a faɗa musu.

Abin yana da asali, kuma gara yarinyar ta san shi da ta riƙa jin kamar ƙiyayya ce kawai. Na farko daga jikin kayan ne. Gangar jikin bayolin tsawonta kusan santimita 35 da rabi ne, kuma wannan girman ya dace da muryarsa. Muryar biyola tana ƙasa da tasa da mataki uku da rabi, saboda haka in ana so akwatinta ya dace da muryarta daidai yadda na bayolin ya dace, sai ta kai wajen santimita 53. Babu mai iya sa wannan a ƙarƙashin haɓa ya kai hannu ƙarshensa. Don haka ake yin ta tsakanin 38 da 43, wato ta yi wa muryarta ƙanƙanta, ta kuma yi wa hannu girma. Daga nan ne sautinta ya samo wannan dishi-dishin, mai ɗan fita ta hanci, wanda ba ya keta ƙungiya ya fito fili yadda bayolin yake yi. Wata Ba'amurkiya mai ƙera kayan kiɗa, Carleen Hutchins, ta ƙera biyola mai cikakken girma wadda ake kafawa a ƙasa kamar celo, har Yo-Yo Ma ya ɗauki faifai da ita, amma ba ta karɓu ba. Ni dai ina ganin da an gyara wannan naƙasar da an kashe abin da ya sa ake son biyola. Dishin nan shi ne kusancinta da muryar ɗan Adam.

Na biyu daga marubuta kiɗa ne. A ƙarni na 18 da yawansu ba su wahalar da kansu a kanta ba, sukan ce kawai ta bi abin da masu kaurin murya suke yi, ko ta cike tsakiya da maimaita sauti ɗaya. Aiki ya zama mai sauƙi, sai aka riƙa tura masu rauni can. Da marubuta suka ga masu rauni ne a wurin, sai suka ƙara sauƙaƙa aikin, abu ya zama zagaye. Johann Joachim Quantz, malamin sarewar Sarki Frederick na Prussia, ya rubuta a 1752 cewa ana raina biyola, kuma dalili shi ne yawanci sababbin shiga ne ko marasa baiwa suke riƙe ta. Shekaru kusan ɗari bayansa Hector Berlioz yana wannan ƙorafin a Faransa. Babbar makarantar kiɗa ta Paris, wadda aka kafa a 1795, ba ta buɗe ajin biyola na kansa ba sai 1894. Kin ga ke nan abin da abokin mai wasiƙar farko ya faɗa ya taɓa zama gaskiya, sai dai labarinsa ya kwana fiye da shekara ɗari.

Abin da masu tsokana ba sa faɗa shi ne su wane ne suka zaɓi biyola da kansu. Bach ya fi son ya riƙe ta in ana kiɗa tare, domin ya zauna a tsakiyar sautuka yana jin kowa, kuma a cikin kiɗansa shida na Brandenburg, na shidan babu bayolin ko ɗaya, biyola biyu ne a gaba. Mozart ita yake ɗauka in sun zauna kiɗan mutum huɗu da su Haydn. A 1779 ya rubuta kiɗan da bayolin da biyola suke tsaye kafaɗa da kafaɗa a gaban ƙungiya, ya kuma ce a ƙara ɗaure tsirkiyoyin biyolar rabin mataki domin ta yi haske, dabarar wanda ya san kayan ciki da waje. Beethoven yana saurayi biyola yake kaɗawa a ƙungiyar fadar Bonn. Dvorak ya yi shekaru yana cin abinci da ita a gidan wasan kwaikwayo a Prague.

Labarin da na fi so shi ne na Paganini, wanda ba a yi gwanin bayolin da ya kai shi suna ba. Ya mallaki wata biyola ƙirar Stradivari, ya je wurin Berlioz ya ce ya rubuta masa abin da zai kaɗa da ita. Da ya ga somin aikin sai ya ce shirun da aka ba shi ya yi yawa, shi yana so ya yi ta kiɗa ne ba hutawa, ya janye. Berlioz ya ƙarasa abinsa a 1834, shi ne Harold a Italiya. Sai a 1838 Paganini ya ji shi, ya durƙusa a gaban Berlioz a bainar jama'a, ya kuma aika masa da faran dubu 20, kuɗin Faransa na lokacin.

Waɗanda suka juya al'amarin gaba ɗaya su ne Lionel Tertis na Ingila da William Primrose na Sikotilan, a rabin farko na ƙarni na 20. Sun nuna duk abin da ake yi da bayolin ana yi da biyola, suka kuma matsa wa marubuta lamba. William Walton ya rubuta koncarto, wato kiɗan da gwani ɗaya ke jagoranta ƙungiya tana mara masa baya, a 1929 domin Tertis, shi kuwa ya mayar masa da ita ya ce ta cika sabon salo, sai Paul Hindemith, Bajamushe marubuci kuma gwanin biyola, ya fara kaɗa ta a Landan. Tertis ya yi nadama ya dawo ya rungume ta. Primrose ya nemi Bela Bartok ya rubuta masa tasa, Bartok ya rasu a 1945 bai gama ba, Tibor Serly ya ƙarasa, aka fara jin ta a 1949. Ki gaya wa 'yarki sunan Rebecca Clarke, wadda kiɗan biyolar da ta rubuta ya yi kunnen doki a matsayi na ɗaya a wata babbar gasa a Amurka a 1919. Ki nemo mata Tabea Zimmermann ko Kim Kashkashian ko Nobuko Imai a intanet, ku zauna ku saurara tare. Minti goma na wannan zai yi mata aikin da lallashinki na mako guda ba zai yi ba.

Kai kuma ɗan'uwa, in don gudun bibrato za ka koma biyola, ka gudu ne ka tarar. Tazarar yatsu ta fi faɗi, tsirkiyoyi sun fi kauri, ba sa amsawa da wuri, sai baka ya nutse da nauyin hannu kafin su yi magana. Karkarwar ma dole ta fi faɗi ta kuma ɗan rage gudu, in ba haka ba ba za a ji ta ba, kuma hannun da ya ƙage a bayolin zai fi ƙagewa a can saboda ya ƙara miƙewa. Ga sabon karatu, domin da mabuɗin alto, wani tsarin rubuta sautuka daban da na bayolin, ake rubuta mata, wanda kusan ita kaɗai take amfani da shi. In za ka koma, ka koma saboda ka ji tsirkiyar C ta taɓa maka zuciya.

Hajiya, abu biyu nake so ki tambayi malamar. Na farko girman kayan. Dogon hannu ba dalili ba ne na ba yarinya mai shekara goma sha biyu biyolar manya. Akwai ƙanana, masu inci 13 da 14. In ta sa ta a haɓa ta miƙa hannun hagu, ya kamata tafinta ya iya rufe kan kayan gwiwar hannu tana ɗan lanƙwashe. Tertis kansa babbar biyola ya riƙe, ciwon hannu kuma yana cikin abin da ya sa ya janye daga fage a 1937. Na biyu, wa zai koya mata karatun alto, ko an bar ta ne tana lalube? Yara da yawa da suke cewa sun tsani biyola, takardar ce ba su iya karantawa ba. In an gyara waɗannan biyun, ki ba ta zango ɗaya. A babbar ƙungiya akan sami masu bayolin kusan talatin, masu biyola wajen goma sha biyu, amma masu neman kujerar bayolin sun ninka hakan nesa ba kusa ba, shi ya sa yarinya mai ƙoƙari a biyola ba ta rasa masu gayyata. In bayan zangon har yanzu ranta yana kan bayolin, ki je ki yi magana. Abin da ta koya ba zai zube ba, su Pinchas Zukerman duka biyun suke kaɗawa.

*

Malam, bayolin gare ni amma muryar biyola nake so. Zan iya sa masa tsirkiyoyinta in huta da sayen sabon kaya?

Daga wani ɗalibi

Za ka iya, haka ma ake yi wa yara a makarantu da yawa. Cire E, ka matsar da A da D da G kowace gaba da gurbi ɗaya, ka sa C a gurbin da G ta bari. Ka tabbatar C ɗin ta ƙaramar biyola ce mai inci 14, domin ta manya za ta yi sako-sako a wannan tsawon. Ramukan da tsirkiya ke kwanciya a kan jaki, ɗan katakon da ke tokare tsirkiyoyi, da kuma a bakin wuya za su buƙaci a ɗan faɗaɗa su, wannan aikin mai gyaran kaya ne, kada ka sa wuƙa da kanka. Ka dai sani tsirkiyoyi ukun sama za su yi daɗi, C kuwa za ta fito siririya, saboda akwatin bai kai ya ɗauke ta ba. Ya isa ka koyi karatun alto ka kuma gane ko son na gaske ne. In kuma ba ka so ka rabu da E, ana ƙera bayolin mai tsirkiya biyar, C zuwa E, makaɗan gargajiya da na jaz suna amfani da shi sosai, musamman na lantarki, inda lasifika take cike kaurin da katako ya kasa bayarwa.